Alƙalin da Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi a 1999, ta karɓa a 2014

Wannan nazari ya bi sawun wani alƙali ne mai suna Ronnie L. White, ɗan jihar Missouri ta Amurka, wanda shugabannin ƙasa biyu suka zaɓa don ya zauna a kotu ɗaya, a birni ɗaya. A karo na farko Majalisar Dattawa ta ƙi shi da ƙuri'a 54 da 45. A karo na biyu ta amince da shi da ƙuri'a 53 da 44. Daga ranar da aka fara miƙa sunansa zuwa ranar da ya karɓi takardar kama aiki, shekara 17 ce da mako uku. Hukunce-hukuncen da aka kafa hujja da su aka kayar da shi, su ne dai aka sake karantowa a karo na biyu.

Kujerar da yadda ake hawanta

Kotunan Amurka layi biyu ne, na jihohi da na tarayya. A layin tarayya, matakin farko shi ne kotunan yanki guda 94. A nan ake kiran shaidu, ake baje hujjoji, ake ɗaure mutum ko a sallame shi. Wanda bai gamsu ba sai ya nufi ɗaya daga cikin kotunan ɗaukaka ƙara 13, daga can kuma Kotun Ƙoli, wadda ba ta sauraron ƙara ɗari a shekara. Saboda haka mafi yawan shari'o'in tarayya a kotun yanki suke farawa, a nan kuma suke ƙarewa. Missouri yanki biyu ce, gabas da yamma. Kujerar da ake magana a kanta tana yankin gabas ne, mai hedkwata a birnin St. Louis.

Tsarin mulkin ƙasar ya ce shugaban ƙasa ne zai zaɓi alƙali, Majalisar Dattawa ta amince. Idan ya hau, ya hau ke nan har ya mutu ko ya ajiye da kansa, sai fa in majalisa ta tsige shi. A Najeriya alƙalin Babbar Kotun Tarayya ba ya bi ta gaban sanatoci, shugaban ƙasa ne ke naɗa shi bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, Babban Alƙalin kotun ne kaɗai ke neman amincewarsu. A Amurka kuwa kowane alƙalin yanki sai ya ratsa ta majalisa.

Hanyar tana da ƙofofi da yawa. Yawanci sanatan jihar, ko wani jigon jam'iyyar shugaban ƙasa a jihar, shi ke kawo suna. Hukumar binciken laifuka ta FBI ta tona tarihin mutum, ƙungiyar lauyoyin Amurka ta auna cancantarsa, sannan sunan ya isa kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa. Akwai wata al'ada da ta faro tun wajen 1917: shugaban kwamitin yakan aika wa sanatocin jihar su biyu wata shuɗiyar takarda, su rubuta ko sun yarda. Ba doka ba ce, amma shugabannin kwamiti da dama ba sa kiran zama sai takardun sun dawo. Bayan zaman tambayoyi da ƙuri'ar kwamiti, sai a jira shugaban masu rinjaye ya ga damar sa sunan a jadawalin zaure. In wa'adin majalisa ya ƙare ba a yi ƙuri'a ba, sunan ya koma fadar shugaban ƙasa, a sake sabon lale.

1953 zuwa 1995: daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa zuwa Kotun Ƙolin jiha

An haifi White a St. Louis a watan Mayu na 1953, baƙar fata, ɗan fari ga iyayen da ba su kai shekara ashirin ba. Kamar yadda ya faɗa wa sanatoci da bakinsa daga baya, a wani ɗaki na ƙarƙashin bene suka zauna, a lokacin da unguwannin birnin ke rabe bisa launin fata. Yana ɗan shekara goma aka riƙa ɗaukarsu a bas zuwa wata makaranta a kudancin birnin, inda yara ke jifansu da madara da abinci suna cewa su koma inda suka fito.

Karatunsa bai zo a jere ba. Sai a 1977, yana da shekara 24, ya gama kwalejin shekara biyu ta birnin. Ya sami digiri daga Jami'ar St. Louis a 1979, ya kammala karatun lauya a Jami'ar Missouri da ke Kansas City a 1983. Ya yi aiki a ofishin lauyoyin da gwamnati ke biya su kare wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, daga baya ya shiga aikin lauya mai zaman kansa. A 1989 ya shiga majalisar wakilan jihar a ƙarƙashin jam'iyyar Democrat, har ya shugabanci kwamitin shari'a. A 1993 ya zama babban lauyan hukumar birnin St. Louis.

Gwamna Mel Carnahan ne ya naɗa shi kotun ɗaukaka ƙara ta jiha a 1994, sannan Kotun Ƙolin Missouri a 1995. Tsarin jihar tun 1940 shi ne wani kwamiti ya tace sunaye uku, gwamna ya ɗauki ɗaya, daga baya jama'a su kaɗa ƙuri'ar a bar shi ko a cire shi. Ta wannan hanya ya zama baƙar fata na farko a kotun mai alƙalai bakwai.

Abu ɗaya daga zamansa na majalisar jiha ya biyo shi. A farkon shekarun 1990 ya taka rawa wajen daƙile wani ƙudurin takaita zubar da ciki. Gwamnan wancan lokaci shi ne John Ashcroft na jam'iyyar Republican, wanda ya ɗauki yaƙi da zubar da ciki a matsayin aƙida. A zaɓen 1994 Ashcroft ya zama sanata, ya kuma sami kujera a kwamitin shari'a.

1997 zuwa 1998: naɗin farko da zaman jira

Kujerar St. Louis ta zama babu kowa tun ƙarshen 1996. A ranar 26 ga Yuni 1997 Shugaba Bill Clinton ya miƙa sunan alƙalin, yana da shekara 44. 'Yan Republican ne ke da rinjaye a majalisa, kujera 55 da 45, kuma sanatocin Missouri duka biyun nasu ne: Kit Bond da Ashcroft.

Da fari abin ya tafi daidai, ko da yake da nawa. Sai a 1998 aka kira shi zaman tambayoyi. Bond ne ya gabatar da shi, ya yabe shi da gaskiya da mutunci. Kwamiti ya amince da shi, har da ƙuri'ar shugabansa Orrin Hatch da wasu 'yan Republican. Ashcroft ya ƙi, kuma abin da ya fi ambata a lokacin shi ne batun zubar da ciki. Sunan ya fita daga kwamiti ya zauna a jadawali, ba a kira shi ba har majalisa ta tashi a ƙarshen shekarar.

Fadar shugaban ƙasa ta yi abin da aka saba: ta sake miƙa sunan a Janairun 1999. A watan Yuli kwamiti ya sake amincewa, nan ma da ƙuri'un wasu 'yan Republican. Magoya bayansa sun ɗauka cewa matsalarsu ɗaya ce, a samu ranar ƙuri'a. Duk ƙarfinsu a kan wannan suka zuba, suna ƙorafin cewa sunayen mata da tsiraru sun fi daɗewa a layi.

Shari'ar Moniteau

Ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an tsaya a kan wata shari'a da ta zo gaban Kotun Ƙolin Missouri a 1998.

A daren 9 ga Disamba 1991, a ƙaramar hukumar Moniteau da ke tsakiyar jihar, wani ɗan sanda ya je gidan wani tsohon sojan da ya yi yaƙin Biyetnam saboda rikicin cikin gida. Mutumin ya harbe shi. Daga nan ya tuƙa mota zuwa gidan shugaban 'yan sandan ƙaramar hukumar, inda matar gidan ke zaune da wasu mata a taron Kirsimeti, ya harbe ta ta taga. Ya jikkata wani ɗan sanda, kafin gari ya waye kuma ya kashe ƙarin jami'ai biyu da suka zo kai ɗauki daga maƙwabtan ƙananan hukumomi. Rai huɗu a dare ɗaya. Aka yanke masa hukuncin kisa.

Ba wanda ya musa cewa shi ya yi kisan. Kariyarsa ɗaya ce tak, wato ba ya cikin hayyacinsa, firgicin yaƙi ne ya dawo masa har ya ɗauka yana fagen fama. A jawabin buɗe shari'a lauyansa ya nuna wa masu taya alƙali yanke hukunci wata alama: an ga igiya ɗaure da gwangwanaye an kewaye garejin gidan, irin shingen da soja ke yi a daji don ya ji motsin abokan gaba. Lauyan ya ce wanda ake tuhuma ne ya ɗaura, shaida ke nan cewa hankalinsa ya koma Biyetnam. Sai masu gabatar da ƙara suka kira wani jami'in sintirin hanya, ya ce shi ne ya ɗaura igiyar bayan kisan farko, don 'yan sanda su ji in mutumin ya dawo gida. Lauyan bai bincika ba kafin ya faɗa. Tun daga ranar kariyar ta zube, masu gabatar da ƙara suka riƙa nuna ta a matsayin ƙirƙira.

Ma'aunin da Kotun Ƙolin Amurka ta kafa a 1984 kan sakacin lauya yana da sharaɗi biyu: a nuna lauyan ya gaza, a kuma nuna akwai yiwuwa mai ƙarfi cewa ba don gazawar ba da sakamako ya sauya. Sauran alƙalan kotun Missouri suka ce ba a cika sharaɗin ba, hukunci ya tsaya. Alƙalinmu shi kaɗai ya saɓa. Ya rubuta cewa idan mutumin yana cikin hankalinsa ya yi wannan ta'asa, to lalle ya cancanci kisan da aka yanke masa, amma tambayar hankalin nasa ita ce ba a saurara yadda ya kamata ba saboda kuskuren lauya. Abin da ya nema shi ne a sake shari'ar. Ra'ayinsa bai yi rinjaye ba, an kuma zartar da hukuncin a Janairun 2002.

Akwai wasu hukuncin saɓani biyu da aka riƙa haɗawa da wannan. Ɗaya a kan wani baƙar fata marar aikin yi da aka yanke wa kisa, wanda alƙalin da ya yi masa shari'a, kwana shida kafin a fara, ya fitar da sanarwar sauya jam'iyya yana sukar Democrat da cewa ta fi kula da waɗanda ba sa son aiki da waɗanda ba farar fata ba. Alƙalinmu ya ce wanda ya furta haka bai kamata ya zauna a kan wannan shari'a ba. Ɗayan a kan shingen da 'yan sanda ke kafawa a hanya don neman ƙwaya, inda ya ce tsayar da mota ba tare da wani zargi ba ya saɓa wa tsarin mulki.

1999: shekarar shirin zaɓe da ranar ƙuri'a

A Janairun 1999 Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarci St. Louis, ya roƙi Gwamna Carnahan ya sassauta wa wani da ke jiran kisa. Gwamnan ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Carnahan ɗin nan shi ne ke neman ƙwace kujerar Ashcroft a zaɓen 2000, kuma shi ya naɗa alƙalin. Batun hukuncin kisa ya zama makamin yaƙin neman zaɓe a jihar.

Bayan ƙuri'ar kwamiti ta watan Yuli, Ashcroft ya juya akalar adawarsa kacokan zuwa nan. Shugaban 'yan sandan Moniteau da aka kashe wa mata ya zagaya da takardar koke tsakanin takwarorinsa, da yawa suka sa hannu. Ƙungiyar shugabannin 'yan sandan ƙananan hukumomi ta ƙasa ta rubuto tana adawa. Wasu ƙungiyoyin 'yan sanda na Missouri ba su bi ba, har akwai wadda ta fito ta kare tarihinsa. A zauren majalisa Ashcroft ya kira shi mai goyon bayan masu laifi, ya ce zai karkatar da doka ta yi musu daɗi.

Magoya bayansa suka fito da lissafi. A cikin ƙararrakin hukuncin kisa 59 da ya zauna a kansu, ya goyi bayan tabbatar da hukuncin a 41, kusan kashi 70 cikin ɗari. A da yawa daga sauran 18 ɗin, tare da dukan kotun ya yi ƙuri'ar soke hukuncin, har da alƙalan da Ashcroft ya naɗa yana gwamna. Lissafin ya fito, amma ya fito a makare, kuma a bakin 'yan Democrat kaɗai. Shi wanda ake magana a kansa ba shi da bakin magana a zauren majalisa, kuma a matsayinsa na alƙali mai ci ba zai shiga gidajen rediyo yana kare hukuncinsa ba.

A ranar 5 ga Oktoba 1999, 'yan Republican suka yi taron cin abincin rana da suka saba, ƙofa a rufe. Ashcroft ya yi musu jawabi. Bond, wanda ya gabatar da alƙalin da yabo, ya sanar cewa ya janye goyon bayansa saboda adawar 'yan sanda. Da sanatocin jiha biyu suka haɗu a kan a'a, sauran suka bi, har da Hatch da waɗanda suka amince da shi a kwamiti. Sakamako: 45 na so, 54 ba sa so. Duk 'yan Democrat a gefe ɗaya, duk ɗan Republican da ya yi ƙuri'a a ɗaya gefen. Rabon da majalisa ta kayar da alƙali a zaurenta tun Robert Bork a 1987, shi kuwa kujerar Kotun Ƙoli ya nema. Wata 27 aka yi ana jiran wannan ƙuri'a.

Clinton ya kira abin siyasar jam'iyya mai ban kunya. Ƙungiyoyin baƙaƙen fata suka ce wariya ce. 'Yan Republican suka musa, wasunsu suka ce ba su ma san launin fatarsa ba, Ashcroft kuma ya nuna cewa ya amince da mafi yawan baƙaƙen alƙalan da Clinton ya kawo.

2000 zuwa 2007: wanke suna

Alƙalin ya koma kujerarsa ta Kotun Ƙolin jiha a Jefferson City, babban birnin Missouri. A ranar 16 ga Oktoba 2000 Carnahan ya rasu a hatsarin jirgin sama yana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Lokaci ya ƙure, ba a iya cire sunansa daga takardar ƙuri'a ba, kuma mamacin ya kayar da Ashcroft da tazarar ƙuri'a kusan 49,000. Aka naɗa matarsa Jean Carnahan a kujerar. A Nuwambar shekarar kuma Kotun Ƙolin Amurka, a wata ƙara ta daban daga birnin Indianapolis, ta yanke cewa shingen hanya da aka kafa musamman don neman ƙwaya ya saɓa wa tsarin mulki.

Sabon shugaban ƙasa George W. Bush ya zaɓi Ashcroft ya zama ministan shari'a. A zaman tantance shi na Janairun 2001 aka gayyaci alƙalin ya ba da shaida, kuma a nan ne ya fara samun damar amsa zargin a gaban sanatoci, wata 15 bayan an kayar da shi. Ya ce Ashcroft ya murɗe tarihinsa ƙwarai. Da aka tambaye shi ko yana ganin wariyar launin fata ce, ya ce ba ya ɗaukar Ashcroft mai wariya, kuma ba zai yi magana a kan abin da ke zuciyar wani ba. Sanata Arlen Specter, ɗan Republican da ya ƙi shi a 1999, ya gaya masa a bainar jama'a cewa ya kamata majalisa ta nemi afuwarsa. Majalisa ba ta yi ba. Ta amince da Ashcroft da ƙuri'a 58 da 42.

Kujerar St. Louis kuwa sai a 2002 aka cike ta, da wani alƙali baƙar fata da Bush ya zaɓa. Ta yi fiye da shekara biyar babu kowa, sauran alƙalan kotun na raba shari'o'inta a tsakaninsu. Alƙalinmu ya zama Alƙalin Alƙalan Missouri daga 2003 zuwa 2005, baƙar fata na farko a wannan matsayi. A 2007 ya ajiye aiki ya koma lauya mai zaman kansa a St. Louis.

2013 zuwa 2024: naɗi na biyu

A tsakiyar 2013 wata alƙaliya a kotun gabashin Missouri ta rage aiki saboda shekaru, kujera ta buɗe. A lokacin jihar na da sanata 'yar Democrat, Claire McCaskill, ita ta kawo sunansa. Shugaba Barack Obama ya miƙa shi a ranar 7 ga Nuwamba 2013. Yana da shekara 60, shekarun da shugabanni ba su cika zaɓar alƙali a cikinsu ba, don sun fi son wanda zai daɗe a kujera.

Mako biyu bayan haka, a ranar 21 ga Nuwamba, majalisa ta sauya wata ƙa'ida da ba don shi aka taɓa ta ba. A da, in 'yan adawa suka ƙi a rufe muhawara, sai an tara ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a kai ga ƙuri'ar amincewa. Bayan an toshe mutum uku da Obama ya zaɓa don kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington, shugaban masu rinjaye Harry Reid ya jagoranci ƙuri'a 52 da 48 da ta mayar da abin rinjaye zalla ga duk naɗi, ban da na Kotun Ƙoli.

Saura shuɗiyar takarda. Shugaban kwamiti Patrick Leahy yana riƙe da al'adar gam, ba ya kiran zama sai sanatocin jiha biyu sun mayar da tasu. Ɗaya sanatan Missouri, Roy Blunt, ɗan Republican ne, kuma da ya riƙe takardarsa da maganar ta mutu a nan. Ya bar sunan ya wuce, ko da yake a zaure ƙuri'ar a'a ya kaɗa. An yi zaman tambayoyi a ranar 20 ga Mayu 2014, aka tambayi alƙalin a kan shari'ar Moniteau ya amsa da bakinsa. Kwamiti ya amince da 10 da 8, bisa layin jam'iyya. Chuck Grassley, jagoran 'yan Republican a kwamitin, ya sake karanto hukunce-hukuncen nan a zaure.

A ranar 16 ga Yuli 2014 aka rufe muhawara da ƙuri'a 54 da 43, aka amince da shi da 53 da 44. Washegari ya karɓi takardar kama aiki, yana da shekara 61. A zaɓen Nuwambar shekarar 'yan Republican suka karɓe majalisa, kuma a shekara biyun da suka biyo baya alƙalai wajen 20 kacal aka amince da su. Ya yi shekara goma a kujerar, ya yi ritaya a 2024.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

Duk abin da aka yi don shawo kan masu adawa bai ci ba. Lissafin 41 cikin 59, shaidar 2001, kalaman Specter, hukuncin Indianapolis da ya zo daidai da ra'ayinsa, shekara biyu a matsayin Alƙalin Alƙalai, duk an tara su, amma ƙuri'ar 2014 ta rabu kusan yadda ta 1999 ta rabu. Abin da ya sauya shi ne wanda ke da rinjaye, da ƙa'idar da ake ƙidaya da ita. Ƙuri'a 54 da aka rufe muhawara da su ba su kai 60 ba, don haka a tsohuwar ƙa'ida 'yan adawa na da ikon tsayar da shi. Sai sanatar da ta ɗauki sunan a matsayin nata, abin da ya rasa a 1999, da kuma Blunt da ya zaɓi ya ƙi shi da ƙuri'a maimakon ya shaƙe sunan a kwamiti. Ƙofar ma a buɗe take na ɗan lokaci: daga sauyin ƙa'ida zuwa ranar da rinjaye ya koma hannun 'yan adawa wata 13 ne da 'yan kwanaki, ya shige saura ƙasa da wata shida. Sauyin yana da farashi, domin a Afrilun 2017 'yan Republican suka faɗaɗa shi zuwa Kotun Ƙoli suka yi amfani da shi.

A 1999 magoya bayansa sun yi kuskuren karatu. Sun ɗauka jinkiri ne abokin gabarsu, suka matsa a yi ƙuri'a ba tare da sun tabbatar Bond na nan inda yake ba. Ƙuri'ar da suka roƙa ita ta kayar da shi.

Game da launin fata, ban ga hujjar da za ta sa in faɗi abin da shi kansa ya ƙi faɗa ba. Lissafin zaɓen 2000 ya isa ya bayyana abin da Ashcroft ya yi, kuma a ganina ya isa abin zargi shi kaɗai. Ba na kuma ganin laifin mutumin da aka harbe wa mata a cikin gidansa don ya ƙi alƙalin da ya nemi a sake shari'ar makashinta. Ciwonsa na gaske ne. Sanatoci ne ke da alhakin bambance tsakanin alƙalin da ya ce a saki mai kisa da wanda ya ce a sake sauraron ƙara domin lauya ya gina kariya a kan igiyar da ɗan sanda ya ɗaura. Ana iya saɓa masa a kan ko kuskuren ya kai ya sauya sakamako, sauran alƙalan kotunsa ma sun saɓa masa. Kiran sa mai goyon bayan masu laifi kuwa ƙazafi ne, rubutunsa na nan yana ƙaryata shi.

Abin da ya fi damuna shi ne saƙon da ranar 5 ga Oktoba ta aika wa alƙalan jihohi masu burin kujerar tarayya: a ƙarar kisa mai zafi, saɓa wa rinjaye na iya cin mutum aikinsa, ko da ra'ayin nasa bai hana a zartar da hukunci ba. Wanda zai ji a jikinsa shi ne talakan da aka ba lauya marar himma, wanda ba shi da wani abin dogaro sai alƙalin da zai karanta takardun shari'ar har ƙarshe. Kuma gyaran ba mai wuya ba ne. Tsakanin ƙuri'ar kwamiti ta Yulin 1999 da ta zaure akwai fiye da wata biyu. Da zargin ya sauya daga zubar da ciki zuwa hukuncin kisa, majalisa na da ikon mayar da sunan kwamiti, a kira shi na yini ɗaya, a ajiye masa shari'ar Moniteau a gabansa ya amsa, kamar yadda aka yi a Mayun 2014.